Da Enyonam da Afi Biyu na Tovikope

Kafin rana ta take a unguwar Tokoin ta Lome, Da Enyonam (“Da” a yarenmu yaya mace ke nan) ta riga ta sauka daga bayan zem, ta sallami mai babur, ta tsaya wurin mai ayimolu ta bakin lungu ta karɓi ƙullinta, shinkafa da wake, yaji a gefe. Ofishinmu ɗakuna biyu ne a saman shagon wasu teloli, saboda haka duk yini da ƙarar keken ɗinki muke aiki a ƙarƙashin ƙafafunmu. Takan hau matakala a hankali, ta buɗe taga, ta share teburinta da tafin hannu ko da babu komai a kai, sannan ta kunna kwamfuta. Ba ta taɓa abincin sai ta gama karanta ƙorafin da ya shigo daga ɗakunan shan magani na ƙauyuka. Daga nan ta ci, ta wanke hannu, ta buɗe farin shafi ta fara rubutu. Haka na same ta tana yi ranar da na fara aiki a nan, kuma waɗanda suka riga ni sun ce su ma haka suka same ta.

A ƙarshen watan nan za ta daina hawa matakalar nan. Aikinta ni aka ɗora wa, ni Selom, kuma ba zan ɓoye muku ba, tsoro nake ji. Ina rubuta mata jinjina ne, amma rabin hankalina yana kan abin da zai faru idan ta tafi.

Aikin nata ba shi da wuyar bayani, sai dai ba wanda yake ganinsa. Akwai wata manhaja da ƙananan ɗakunan shan magani ke amfani da ita wajen rubuta haihuwa, awon jarirai da allurar rigakafi. Masu aikin sa kai ne a wasu ƙasashe suka rubuta ta, suka bayar kyauta, Allah ya saka musu. To amma yadda take fitowa daga hannunsu ba ta zama a kan tsofaffin kwamfutocinmu, ba ta san wutar da ke ɗaukewa ana tsakiyar rubutu ba, ba ta kuma san mu ba. Dole wani ya karɓi kowace sabuwar fitowa, ya yi mata faci a inda ba ta dace da mu ba, ya gwada, ya naɗe ta ƙunshi guda yadda ma’aikaciyar jinya a ƙauye za ta danna wuri ɗaya kawai ta shiga. Wannan wanin ita ce Da Enyonam. Idan komai na tafiya daidai babu mai tuna akwai ta. Idan abu ya lalace, kowa ya san lambarta.

A sana’armu, duk sanda ka taɓa wani abu a cikin ƙunshin, sai ka ajiye gyaran tare da ’yan layuka na bayani. Komit muke ce masa. Bayanin nan yana nan manne da gyaran har abada, duk wanda ya zo bayanka zai iya buɗewa ya gani. Yawancinmu mukan bar shi sai ƙarshe, lokacin da mun gaji, ciki na kuka, mu jefa kalma ɗaya mu tashi. Ita kuwa da shi take farawa. Farin shafin nan da take buɗewa bayan ta wanke hannu, bayanin gyaran da ba ta riga ta yi ba take rubutawa a kai. Takan ce in ba ta iya faɗin dalili ba, ba ta da izinin taɓa komai.

Abu uku take nema a kowane bayani. Wa abin ya dama, da sunansa da garinsu. Me ka gwada bai yi ba. Na ukun shi ne wanda ban taɓa ganin wani yana rubutawa ba sai ita: yaushe za a iya cire wannan gyaran a jefar. A cewarta, faci kaya ne da za a riƙa ɗauka daga wannan fitowa zuwa waccan, kuma zalunci ne ka ɗora wa na bayanka kaya ba ka gaya masa inda zai sauke ba.

Wanda ya fi shan wuya a hannunta shi ne Fo Atsu, abokin aikinmu (“Fo” kuma yaya namiji ke nan). Hannunsa na da sauri, bakinsa ya fi hannun sauri. Ban san iyakar safiyar da na ji wannan taƙaddama ba.

“Fo Atsu, taso ka zo.”

“Da, ko ruwa ban sha ba.”

“Za ka sha. Mene ne wannan ka rubuta jiya? ‘Gyara.’”

“To ai gyara na yi.”

“Na shekaranjiya kuma ‘gyara kuma’. Na kafin shi ‘yanzu kam ya yi’. Me ya yi? Wa ya yi wa? Idan mota ta kwashe ka gobe, Allah ya kiyaye, wa za mu tambaya?”

“Haba Da! Da sassafe ki haɗa ni da mota?”

“To zem. Zaɓi wanda ka fi so, amma ja kujera ka rubuta.”

Sai ya ja kujera yana gunaguni, yana cewa shi kwamfuta ya karanta, ba wa’azi ba, kuma in ta ci gaba da haka zai kai ƙararta wurin fastonta. Ita ko a jikinta. Takan tsaya a bayansa, hannu a ƙugu, har ya kai ga na uku. In ya gama ta karanta, ta ce, “Ka ga? Ashe ka iya. Lalaci ne kawai.” Ba ta taɓa yi masa wannan a gaban baƙo ba, kuma duk ranar da ya rubuta mai kyau ba tare da an kira shi ba, sai ya tarar da ƙullin soyayyar doya a kan teburinsa.

Maganar da take maimaita mana ita ce, “Ku rubuta wa mutumin da ba zai iya tambayarku ba.” Mu a lokacin mun ɗauka wani baƙo take nufi, wanda zai zo bayan mun watse.

Da Enyonam, ke ce mai tsayawa a kan dalili lokacin da kowa ke gaggawar tashi. Ke ce kika sa muka daina ɗaukar mutanen da ke can ƙarshen waya a matsayin masu damunmu, domin kin tilasta mana rubuta sunayensu.

Wanda yake son sanin abin da wannan ɗabi’a ta tsare, ya je Tovikope ya tambayi Tanti Mawusi, ungozomar ɗakin shan maganin garin. Ita ta ba ni labarin da bakinta, tana yi tana buga cinya.

Shekarun baya, matan wani wa da ƙaninsa suka haihu rana ɗaya, Juma’a, duka mata. A al’adarmu kuwa macen da aka haifa ran Juma’a Afi ce, ba sai an yi shawara ba. Ga suna ɗaya, ga sunan gida ɗaya, ga ranar haihuwa ɗaya, ga gari ɗaya. Da lokacin allurar ƙyanda ya yi, aka kawo Afin wan aka yi mata, aka rubuta. Bayan ’yan kwanaki matar ƙanin ta goyo tata ta zo. Ma’aikaciyar da ke kan tebur ta duba kwamfuta ta ce an riga an yi wa yarinyar nan. Uwar ta ce ba a yi ba. Ma’aikaciyar ta juya mata allon ta ce ga shi nan a rubuce. Uwar ta gyara goyonta ta fita.

“A bakin hanya na ci karo da ita,” in ji Tanti Mawusi, “tana tafe tana magana ita kaɗai. Na ce ke lafiya? Ta ce wai na’urarku ta ce an yi wa ’yata allura, ni uwarta ban sani ba. Na ce juya mu koma. Ni na karɓi haihuwar yaran nan biyu da hannun nan nawa, wata na’ura za ta ce mini mutum ɗaya ne? A shekarar nan ƙyanda ta shiga ƙauyen da ke gaba da mu. Da ban fito sayen gawayi a lokacin ba fa?”

Manhajar ba mugunta ta yi ba, taimako ta ɗauka take yi. A inda aka rubuta ta, in aka ga mutum biyu da suna ɗaya, ranar haihuwa ɗaya, gari ɗaya, kusan tabbas mutum ɗaya ne aka shigar sau biyu bisa kuskure, sai ta haɗe su da kanta don ta rage wa ma’aikata aiki. A wurinmu kuwa ranar ce ke ba da sunan.

Tanti Mawusi ta buga waya tana faɗa. Da Enyonam ba ta ce a kashe kwamfuta a sake kunnawa ba, kamar yadda da yawanmu za mu ce. Washegari ta shiga motar haya ta tafi Tovikope, ta yini a kan benci tare da masu jego tana kallon yadda ake shigar da yara. Ta dawo ta binciki sauran ƙauyuka, ta tarar ba Afi biyu kaɗai aka haɗe ba, akwai su Kofi, akwai su Yawa. Ta raba su ɗaya bayan ɗaya, ta kira kowane ɗakin shan magani a nemo yaran da aka tsallake. Sannan ta yi facin da ya hana haɗewar, ta aika wa masu manhajar bayani. Suka yi godiya, suka ce za su duba, amma su ma hannuwansu kaɗan ne. Facin ya zauna a ƙunshinmu, tana ɗaukarsa daga fitowa zuwa fitowa.

A bara, bayan Ista, tana wurin koyon waƙar coci sai littafin waƙa ya suɓuce daga hannunta, bakinta ya ɗan karkace. Likita ya ce wata ’yar jijiya ce ta toshe a ƙwaƙwalwa. Jikin ya dawo, magana ta dawo, har tsiwar ta dawo, amma tunawa ta dawo da ramuka. Ta san mu duka, ta san mai ayimolu, ta san hanyar ofis. Sai dai za ka tambaye ta wani aikin da ta yi da hannunta, ta dube ka kamar labarin wani gari kake ba ta. Na nemi izininta kafin in rubuta wannan a fili. Ta ce, “Rubuta mana, ai ba sata na yi ba. Amma ka faɗi dalili.” Dalilin shi ne mutumin nan da ba zai iya tambayarta ba ya iso tun tana raye, kuma ni ne.

Ana cikin haka, a bana, sabuwar fitowa ta zo, babba, irin wadda aka rushe ɗakuna aka sake gini. Dole mu kai ta ƙauyuka kafin zagayen rigakafi na bayan damina, don tsohuwar an daina kula da ita. A makon Da Enyonam tana gida, likita ya ce ta huta. Na fara ɗora facinta ɗaya bayan ɗaya, wasu suka zauna, wasu na ga lokacin jefar da su ya yi kamar yadda ta rubuta. Da na zo kan na Afi biyu, ya ƙi zama sam, domin wurin da yake mannewa ma babu shi. A cikin sanarwar masu manhajar kuwa ga layi ɗaya: an magance matsalar haɗe yara, yanzu ana duba sunan uwa.

Fo Atsu ya leƙo ta kafaɗata. “Shi ke nan, sun gyara. Jefar da shi mu huta.”

“Bari tukuna.”

“Bari me? Ita da kanta ba ta fi kowa murnar jefar da faci ba? Ka tuna har doya take saya mana ranar. In ka ce sai ka sake rubuta shi a cikin wannan sabon ginin da ba ka sani ba, ka fasa wani abu, wa zai ɗinke? Ni dai ba ni ba.”

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa maganar ta dame ni. Na buɗe bayanin da ta rubuta shekarun nan da suka wuce. Ga abin da ke ciki:

“Hana manhaja haɗe yara masu suna ɗaya da ranar haihuwa ɗaya. Wa abin ya dama: Tanti Mawusi a Tovikope, da wata Afi da aka kusa hana ta allurar ƙyanda saboda ’yar baffanta Afi ta riga ta karɓa. A nan daga ranar haihuwa suna ke fitowa, don haka suna ɗaya da rana ɗaya ba shaidar mutum ɗaya ba ne. Abin da na gwada bai yi ba: na ƙara sunan uwa cikin abin da ake dubawa. Uwayen ma daga ranakun mako aka raɗa musu suna, ban gama rabin ƙauyuka ba na tarar da Afi biyu ’ya’yan Ami biyu. Yaushe za a cire: ranar da manhaja ta daina haɗewa da kanta, ta koma tambayar ma’aikaci tukuna. Kafin ka cire, shigar da Afi biyu, rana ɗaya, gari ɗaya, uwa mai suna ɗaya. In ka ga Afi ɗaya, mayar da gyaran.”

Na gwada kamar yadda ta ce. Na shigar da biyu, na ga ɗaya. Ashe gyaran masu manhajar bai isa ba.

Abin da ya kamata in yi a bayyane yake, amma na kasa farawa. Idan na sake rubuta facin na yi kuskure, ba ɗakin shan magani ɗaya zai shafa ba, duka ne, kuma a tsakiyar rigakafi. Idan na bar shi, wata uwa za ta gyara goyo ta fita, ba kuma kullum ake sa’ar ungozoma ta fito sayen gawayi ba. Na kasa cin abinci sosai a kwanakin nan, matata ta fara tambaya ko wani abu na ɓoye mata. So nake kawai in ji Da Enyonam ta ce da bakinta, “Yi, Selom, daidai ne.”

Ran Asabar da rana na hau zem zuwa gidanta a unguwar Adidogome. ’Yarta Dzifa ta tare ni a ƙofa ta rage murya. “Fo Selom, yau da sauƙi, amma kar ka matsa mata. In ta nemi abu a kanta ta rasa, ranta ɓaci yake yi.”

Na same ta a inuwar mangwaro tana gyaran ganyen miya na gboma a faranti. Ta ɗago ta yi dariya. “Kai, wa ya rasu? Dubi fuskarka. Zauna. Dzifa, kawo masa ruwa kafin ya faɗi a tsakar gidana.”

Muka gaisa, na tambayi jiki, sannan na ce, “Da, maganar Afi biyu ce ta Tovikope.”

Hannunta ya tsaya a kan ganyen. “Afi biyu?”

“Na wurin Tanti Mawusi. Facin nan da kika yi.”

Ta dubi faranti. Na ga tana nema, na ga ba ta samu ba. Wallahi da ƙasa za ta buɗe a lokacin da na shige, don ni na jawo mata. Dzifa ta harare ni daga bakin ƙofar kicin. Can sai Da Enyonam ta ce, a hankali, “Ban tuna ba, Selom. An rubuta wani abu a kai?”

“An rubuta.”

“To karanta mini.”

Na fito da waya na karanta mata daga farko har ƙarshe. Ta saurara ido a rufe. Da na kai wurin Ami biyu ta yi ’yar dariya. Da na gama ta buɗe ido.

“Ka gwada abin da aka ce ka gwada?”

“Na gwada.”

“Nawa ka gani?”

“Ɗaya.”

“To me ka zo nema a nan? Wadda ta rubuta wannan ai ta gaya maka komai. Ka biya kuɗin zem tun daga Tokoin don ka tambayi wata tsohuwa mai gyaran ganye?”

“Da, ke ce fa kika rubuta.”

“Na sani, ba wawiya ba ce ni. Na ji muryata a ciki. Amma ita ta je Tovikope, ni yanzu ban je ba. Ka bi tata.”

Ta ci gaba da gyaran ganye, sannan ta ce, ba tare da ta ɗago ba, “Ka rubuta naka bayanin?”

“Ban fara gyaran ba tukuna.”

“Ban tambaye ka gyara ba.”

Nan a ƙarƙashin mangwaron na rubuta shi a waya, na karanta mata. Ta ce, “Na farko ya yi. Na biyu ka cika surutu, rage. Ina na uku?” Na ce ai na ɗauka na ukun bai canja ba. Ta nuna ni da reshen gboma. “Ka ɗauka. Wanda zai zo bayanka zai shiga cikin kanka ne ya ga abin da ka ɗauka? Rubuta.” Dzifa ta fashe da dariya, ta ce yau Mama ta warke. Na rubuta. Ba ta bar ni na tafi ba sai da na ci akume, tuwon masararmu, da miyar ganyen nan.

Da Enyonam, abubuwa da yawa sun zube daga kanki, amma tambayoyin nan uku ba su zube ba. Ban san yadda aka yi ba, kuma ba na neman sani, godiya kawai nake yi.

Na sake rubuta facin. Fo Atsu, duk da rantsuwar da ya yi cewa ba shi ba, ya zauna kusa da ni yana ƙoƙarin fasa shi ta kowace fuska, ya shigar da Afi biyu, ya shigar da uku, ya ƙara tagwaye don mugunta. Suka tsaya yadda aka shigar da su. Na aika wa masu manhajar sakamakon gwajin, suka amsa cewa za su sa tambayar ma’aikaci a fitowa ta gaba. Sannan na bi al’adarta na fara aika ƙunshin ga wadda ta fara kawo ƙara, na zauna ina kallon waya kamar mai jiran sakamakon asibiti. Da ta yi ƙara har na kusa yar da ita.

“Selom? Ni ce. Na sa abin naka.”

“Yaya, Tanti?”

“Na nemo ’ya’yan nawa a cikin na’urar. Su biyu ne har yanzu. Ɗaya ma ga ta can ta wuce da tallan lemo, ta fi ni tsawo. Ka gaida mini Enyonam, ka ce mata na gode, ko ta tuna ko ba ta tuna ba.”

Ba zan ce tsoro ya tafi ba. Gari ɗaya ne ya amsa, sauran suna gaba, rigakafin bai fara ba, kuma akwai facin da ban taɓa buɗewa ba. Duk sanda wayar ofis ta yi ƙara gabana faɗuwa yake yi. Amma yanzu na san inda zan duba.

A farkon makon nan ta zo ofis, Dzifa na riƙe mata jaka. Ta buɗe taga, ta share tebur, ta karanta ƙorafi, ta ci ayimolu, ta wanke hannu, ta buɗe farin shafi. A cikin kowane ƙunshi akwai layin da ke ɗauke da sunan mai kula da shi. Gyaranta na ƙarshe shi ne ta cire nata ta sa nawa. Ta daɗe a kan bayanin. Ga abin da ta ajiye:

“Mayar da kula da ƙunshi hannun Selom. Wa abin ya dama: duk ɗakin shan maganin da zai kira yana neman amsa daga wadda ta fara mantuwa. Abin da na gwada bai yi ba: magani, addu’a, manna takardu a bango, taurin kai. Yaushe za a cire: ranar da Selom ya tsufa ko ya gaji. Kada a karɓa daga hannunsa sai ya rubuta dalili.”

Fo Atsu ya karanta, ya ce wani abu ya shiga masa ido, ya sauka wurin teloli bai dawo ba sai bayan wani lokaci.

Ku ’yan sana’armu, a Lome ko a ina kuke, roƙo ɗaya nake yi muku. Gobe in kun gama gyara, hannu ya tafi zai rubuta kalma ɗaya ku tashi, ku dakata. Ku faɗi wanda abin ya dama, ku faɗi abin da kuka gwada bai yi ba, ku faɗi ranar sauke kayan. Ba ku san wanda zai buɗe ba, kuma ba ku san ko za ku iya amsa masa a ranar ba. Ku ma da aikinku ba na kwamfuta ba ne, duk wanda wani zai gaji aikinsa, maganar nan ta shafe shi.

Da Enyonam, mun gode. Tanti Mawusi ta gode, Afi biyu sun gode ko da ba su taɓa jin sunanki ba, Fo Atsu ya gode ko da ba zai faɗa ba. Ki je ki huta, ki yi waƙarki, ki gyara ganyenki. Idan wata rana kika tashi kika rasa me kika yi da shekarun nan duka, ki sa Dzifa ta kira ni. Zan hau zem in zo in karanta miki. Ke kika rubuta, kuma ba ki bar komai ba.